Babi na Bakwai: Wasannin da Aka Binne da Ransu

Wanda duk ya baro tsakiyar birnin Gombe ya miƙi hanyar Bauci, ba zai daɗe yana tafiya ba sai ya tarad da kansa cikin Tumfure, unguwar da a takarda take ƙarƙashin ƙaramar hukumar Akko, amma a zahiri birnin ya daɗe da haɗiye ta. Kuma in ya kasance mai lura ne, to, tsakanin shagunan masu cajin waya da teburan masu shayi ba zai rasa ganin wata ƙofa mai labule ba, takalma zube a bakinta, janareta na kuka a gefe, ihun yara na fitowa daga ciki. Wannan shi ne gidan gem. A kwanakin baya na leƙa ɗaya daga cikinsu, na iske talabijin shida jere a jikin bango, kowace da yara biyu a gabanta, wasu kuma tsaye a bayansu suna jiran layi, kuma dukkan shidan abu guda suke nunawa, watau ƙwallon ƙafa. Na tambayi yaron da ke karɓar kuɗi ko akwai wani wasa ban da ƙwallo. Ya dube ni irin duban da mahauci ke yi wa wanda ya zo neman littafi, ya ce, “Baba, akwai na faɗa guda ɗaya, amma ba mai tambayarsa.”

Ban ga laifinsa ba, domin ɗan kasuwa abin da ake saye shi yake kasawa. Sai dai maganarsa ta mayar da ni baya, zuwa shekarun da suka biyo bayan 1 ga Oktoba 1996, ranar da aka yanke Jihar Gombe daga Bauci, lokacin da ma'aikata suka yi ta dawowa gida da iyalansu, gari ya fara miƙa ƙafa zuwa yamma, gonakin Tumfure suka fara komawa fulotai. Gidan gem ɗin da muka sani a wancan zamani shago ɗaya ne, benci biyu, da 'yan ƙananan talabijin masu ƙusumbi. Akwai na'urar da 'yan Sin suka kwaikwayo daga Famicom, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan cikin 1983. Akwai Sega, wadda cikakken sunanta Mega Drive, haihuwar 1988. Daga baya kuma PlayStation ta iso, ta zama amarya, aka ware mata kusurwa da farashinta dabam. Da naira biyar mai hoton Tafawa Ɓalewa yaro yakan sami zama, wanda kuwa ya shigo da Murtala guda, ranar nan shi ne attajirin benci. Kaset ɗin ƙaramar na'urar rawaya ne, an rubuta a jikinsa wai wasa 9999 ne a ciki, alhali in ka ƙirga da kyau ba su wuce 'yan ƙalilan ba, ana ta maimaita su da sunaye dabam-dabam. Ita ce ƙarya ta farko da na taɓa gani an buga da injin ɗab'i. In kaset ya ƙi tashi, maigidan yakan zare shi, ya hura masa iska kamar mai tofi, ya goga a riga, ya mayar, mu kuwa mu yi tsit har hoto ya fito.

Kafin in ci gaba, wajibi ne in share wata hanya, domin na san cikin masu karatu akwai almajirai, kuma ba su manta ba cewa Ibn Abi Zaid a cikin Risala ya hana wasan nardi da shaɗaranji, malamai kuma sun yi dogon bahasi a kan lahawu, wane ne mubahi a cikinsa, wane ne makaruhi, wane ne haramun. Fatawa ta masu ita ce, ba kuwa zan sa hannu a akushin da ba nawa ba. Abin da na sani, wanda kuma babu saɓani a kansa, shi ne duk wasan da caca ta shiga ya ɓaci, duk kuma wanda ya shagaltar da mutum har lokacin salla ya fita ya zama musiba. Mu ma mun sha bulala a kan na biyun, kuma mun cancanta. Haka nan na san za a ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Na karɓi rabin wannan tuhuma. Rabin da ban karɓa ba shi ne dalilin rubuta wannan babi, domin akwai wasannin da ba tsufa ya kashe su ba, masu su ne suka kulle su a ɗaki suka tafi da mabuɗi.

Na farkonsu yara ba su taɓa kiransa da sunansa na yanka ba, Battle City, sai dai su ce “tanka”. Kamfanin Namco ya fitar da shi cikin 1985, amma abin da ya iso mana galibi kwaikwayo ne mai suna Tank 1990. Sha'aninsa ba shi da wuyar fahimta: a ƙasan allo akwai mikiya a cikin ɗan ɗakin bulo, tankokin abokan gaba guda ashirin suna sauka daga sama a kowane zango, ku kuwa ku biyu aikinku ku ƙarar da su kafin harsashi ɗaya ya sami mikiyar, domin da zarar ya same ta, ko da kuna da rayuka goma a ajiye, wasa ya ƙare. Hikimar da ke ciki, wadda ban gane ba sai da na girma, ita ce an gina shi yadda ba ya yiwuwa sai da rabon aiki: ɗaya ya fita farauta, ɗaya ya zauna gadi, in shebur ya bayyana, wanda ke mayar da bulon ɗakin mikiya ƙarfe na ɗan lokaci, sai wanda ya fi kusa ya ruga, in tauraro ne, mai ƙara wa bindiga ƙarfi, sai a yi shawara cikin ƙiftawar ido wa ya fi bukata. In ka harbi ɗan'uwanka bisa kuskure ba ya mutuwa, amma yakan sandare na ɗan lokaci, abokan gaba su same shi a ɓagas. Kai, har ma kana iya harbe mikiyarku da hannunka, ni kuwa na taɓa yi, a zango mai nisa da ba mu taɓa kaiwa ba, ina ƙoƙarin kare ta. Abokina bai ce mini uffan ba, ya ajiye fad a kan benci, ya sa takalmansa, sai bayan kwana biyu ya amsa sallamata. A cikin wasan har akwai wurin da yaro zai gina filin yaƙinsa da kansa, ya jera bulo da ƙarfe da ruwa da daji yadda ya so, kuma a nan ne da yawa cikinmu suka fara ɗanɗana cewa abin da ke cikin talabijin mutum ne ya tsara shi, wani mutum kuma yana iya sāke shi. Namco ta yi masa magaji, Tank Force, cikin 1991, daga nan zuriyar ba ta ƙara yin wani abin a zo a gani ba.

Amma wanda ya fi ci mini rai, wanda kuma da za a ce in zaɓi guda ɗaya tak a tashe shi daga kabari ba zan yi dogon tunani ba, shi ne Road Rash, wanda muke kira “mashin”. Kamfanin Electronic Arts na Amurka ya fitar da na farko cikin 1991, na biyu 1992, na uku 1995, dukkansu a kan Sega. Tsere ne na babura a kan titin da jama'a ke bi, kai da mahaya goma sha huɗu, motoci na zuwa ta gaba, wasu na tafiya ta hannunka, shanu kuma sukan tsaya a tsakiyar hanya ba ruwansu. Kuma, abin da ya bambanta shi da sauran wasannin tsere, an halatta naushi da shuri, wasu mahayan ma suna riƙe da kulki, a na biyu aka ƙara sarƙa, in kuwa ka iya lokaci kana iya fizge makamin daga hannun mai shi yayin da ya ɗaga zai maka maka. Yaron da ya tashi a garin da acaɓa ita ce motar kowa, wanda kullum yana ganin yadda mahaya ke kutsawa tsakanin tirela da kwalbati, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan wasa, ko da hanyoyin na farkon duk na Kaliforniya ne. Da na uku ya zo, aka zaga ƙasashe bakwai, har da Kenya, murnar da muka yi sai ka ce Kenya bayan Kumo take.

Abu biyu ne a cikinsa da har yau ban ga wasan da ya yi su kamar yadda ya yi ba. Na ɗaya, faɗuwa. A yawancin wasannin tsere, in ka yi karo, sai hoto ya ɗan girgiza a mayar da kai kan hanya kamar ba abin da ya faru. A nan kuwa babur yakan yi gabas kai ka yi yamma, ka mirgina a kan kwalta, sa'an nan ka tashi ka ruga da ƙafa zuwa inda babur ya faɗi, waɗanda ka wuce da gumin goshi suna ta wuce ka ɗaya bayan ɗaya, wani ma ya banke ka ya ƙara gaba. A wannan gudun na 'yan daƙiƙu dukkan benci yakan miƙe tsaye, ana ihu ana buga ƙafa, kamar ihun zai ƙara wa mutumin sauri. Na biyu, kuɗi. Kowane tsere akwai lada gwargwadon matsayin da ka zo, da shi kake tara kuɗin babur mafi gudu. In babur ya ragargaje sai ka biya gyara, in ɗan sanda ya riske ka a ƙasa sai ka biya tara, ba roƙo, ba kiran wani babba a waya. In kuwa aljihu bai kai ba, tafiya ta ƙare, ka koma farko. Ashe tun muna 'yan firamare an koya mana jari da riba da asara, da cewa ganganci yana da farashi, mu muna tsammanin duka kawai muke yi. Tun da kaset ɗin ba ya ajiye inda mutum ya tsaya, sai ya ba ka wasu haruffa da lambobi masu tsawo ka rubuta. Bangon baya na littafin lissafina cike yake da su, na fi kuwa kiyaye su da jadawalin sau. Ranar da aka ɗauke wuta ina dab da gama mataki na huɗu, ban kai ga rubuta lambar ba, na san ma'anar innalillahi.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Wasa ne na dukan mutane da sarƙa, kuma a ƙasar da ɗakunan masu karaya a asibitoci ba sa rabo da 'yan acaɓa da fasinjojinsu, mai hankali yana da hujja in ya ɗaure fuska. Jawabina shi ne, cikin dukkan wasannin gudu da na sani, shi kaɗai ne ya nuna wa yaro cewa jiki yana jin kwalta. Zuriyarsa ta ci gaba har zuwa Road Rash: Jailbreak na shekarar 2000, daga nan kamfanin ya juya ga abin da ya fi kawo masa kuɗi, ciki har da wasan ƙwallon nan na FIFA da ya mamaye gidajen gem, wanda tun 2023 ake kira EA Sports FC. Watau dai uba ɗaya ne ya haifi wanda aka binne da wanda ya gaje gidan.

Wasa na uku zan taƙaita, ko da yake shi ne sarkin kusurwar PlayStation a zamaninsa. Bloody Roar, wanda kamfanin Hudson Soft na Japan ya fitar cikin 1997, faɗa ne na mutum biyu kamar sauran, illa dai kowane ɗan wasa yana da dabbar da yake rikiɗa ya koma in ma'auninsa ya cika: Yugo kyarkeci, Gado zaki, Alice zomo, a na biyu kuma aka ƙara Jenny jemage da Busuzima hawainiya. Da ya rikiɗa sai ƙarfinsa ya ƙaru, wani abu na jinin da ya zuba ya fara dawowa, saboda haka dukkan dabarar tana ga sanin lokacin rikiɗa. Mai gaggawa yakan ɓarar da ita tun farko, mai haƙuri ya ajiye ta sai an kai shi bango. Mu da muka tashi da tatsuniyar ɓaunar da ta zama budurwa don ta ji asirin maharbi, da labarin mutanen da ake cewa suna komawa kuraye da dare, ba mu ga baƙon abu ba a nan. Abin da ya ba mu haushi kawai shi ne duk cikin dabbobin nan babu kura. Bloody Roar na huɗu ya fito cikin 2003, a 2012 kuma Konami ta haɗiye Hudson Soft da dukkan abin da ta mallaka, sunan ya shiga cikin kayan gado da ba a raba ba.

A nan ne asalin matsalar take. Waɗannan wasanni ba a rasa masu son su ba, ba a kuma rasa masu iya gina su ba. Abin da ya tsare su shi ne haƙƙin mallaka, wanda a dokar Amurka yakan kai shekara 95 ga aikin da kamfani ya fitar, ta yadda Road Rash na farko ba zai zama na kowa da kowa ba sai bayan shekarar 2086. Babban kamfani kuwa, wanda ke kashe miliyoyin daloli a kan wasa guda, ba ya motsawa don ribar da ƙaramin kamfani zai yi biki a kanta, kuma ba ya son sayar da sunan, kada wani ya ci moriyarsa. Duk lokacin da na tuna wannan sai babin raya matacciyar ƙasa ya faɗo mini a rai, inda malaman mazhabarmu ta Malikiyya suka tafi a kan cewa wanda ya raya fili da rijiya ko gini ko dashe ya mallake shi, amma in ya yi watsi da shi har ya koma kango, zamani ya tsawaita, wani ya zo ya raya, to, ya zama na mai rayawa na biyu. Ban ce a yi ƙiyasi ba, domin ni ba mujtahidi ba ne, lauyoyin Tokyo kuma ba su karanta Mukhtasar ba. Na dai ce akwai adalci a cikin wannan hukunci da ya kamata masu tara sunaye su ji kunyarsa.

Hujjar cewa rayawar tana yiwuwa kuwa ba a nesa take ba. Streets of Rage, wanda da yawa a nan suka sani da sunansa na Japan, Bare Knuckle, ya tsaya a na uku cikin 1994, ya yi shekara 26 a kwance, har wasu ƙananan kamfanoni, Dotemu da Lizardcube na Faransa da Guard Crush, waɗanda ma'aikatansu da shi suka yi ƙuruciya, suka nemi izinin Sega, ta ba su. Na huɗun ya fito cikin Afrilu 2020, kafin shekara ta zagayo ya wuce kwafi miliyan biyu da rabi. Da Sega ta ga haka, cikin Disamba 2023 ta yi shelar za ta tashi wasu tsofaffin sunayenta guda biyar, ciki har da Golden Axe da Shinobi, sabon Shinobi kuma ya fito cikin Agusta 2025. Masu son Road Rash, da suka gaji da jira, sai suka yi karo-karo ta intanet aka gina wani mai kama da shi, Road Redemption, ya fito cikin 2017. Domin doka suna da hoto da sauti take tsarewa, ba ta tsare tunanin tseren babura ba.

Wannan batu na ƙarshe shi nake so matasanmu su riƙe, musamman masu karatun kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere. A Legas kamfanin Maliyo Games, wanda aka kafa cikin 2012, ya yi wasan acaɓa mai suna Okada Ride. A Yawunde kamfanin Kiro'o ya fitar da Aurion cikin 2016, da labari da tufafi na Afirka. Me zai hana a ga tseren da zai tashi daga Tumfure, ya ratsa gari, ya bi ta Kumo da Billiri har duwatsun Kaltungo, ana kauce wa tirelolin siminti da garken shanu, mai faɗuwa ya biya bakanike, mai ganganci ya biya tara? Me zai hana a ga wasan dambe na sosai, da kara a hannu, da Kudu da Arewa da Guramada da Jamus, da kalangu yana zuga, yadda Ɗan'anace ya zuga Shago? In kuma rikiɗa ake so, ga kurarmu nan tana jira tun 1997. Sharaɗi ɗaya kawai zan gindaya, shi ne a gina shi yadda yara biyu za su zauna a benci ɗaya, gaban allo ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, wani lokaci su kasance ɓangare guda. Domin ƙwallon da ta cika gidajen gem kullum ɗaya ne ke cin ɗaya, wanda aka ci ya biya, daga nan kuwa zuwa shagon caca taku kaɗan ne.

A hutun da ya wuce na sa Road Rash na biyu a kwamfutata, na miƙa wa ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara goma sha biyu wanda ya san sunan kowane ɗan wasan Real Madrid har da masu zaman benci. Ya dubi hoton ya yi dariya, ya ce, “Kawu, wannan ai kamar zanen allo ne.” Ban tanka ba. Bai yi minti biyu ba wata mota ta kwashe shi, ya ga mutuminsa ya tashi yana gudu da ƙafa zuwa babur, sai na ga ya miƙe tsaye yana buga ƙafa a ƙasa, yana cewa yi sauri, yi sauri. Da aka kira la'asar sai da na rufe kwamfutar da hannuna, muna dawowa daga masallaci kuma ya tambaye ni ko akwai na uku.